Kyamarar da Ake Haɗiya: Kada a Auna Gwajin Ciki da Ma'aunin Waya

Akwai wata kyamara da ba a sayar da ita a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ko Banex ta Abuja, ba ta ɗaukar selfi, kuma sau ɗaya tak ake amfani da ita. Tsawonta milimita 26 ne, kaurinta milimita 11, wato ta ɗan fi kafson magani girma. Mara lafiya zai haɗiye ta da ruwa, ta bi hanyar da tuwo ke bi, tana haska fitila tana ɗaukar hoto, har ta tara hotuna kusan 50,000 a cikin awa takwas. Hotunan suna tafiya ta iska zuwa wata 'yar na'ura da aka ɗaura wa mutumin a ƙugu. Bayan kwana ɗaya ko biyu kyamarar ta fita tare da bayan gida, ba wanda zai sake nemanta.

Duk lokacin da bidiyon wannan kafso ya zagayo TikTok ko Facebook, sharhin matasa kusan iri ɗaya ne: nawa ne kuɗinsa, kuma yaushe zai iso nan? Tambayoyi ne na wanda ya saba da kasuwar waya, inda sabon samfuri kullum ya fi tsoho, kuma mai yawan megafiksel shi ne gaba. A fagen gwajin lafiya wannan ma'aunin yana ɓatar da mutum. Darajar gwaji tana ga abin da ya gano, da abin da ya kuskure, da kuma abin da za a iya yi wa mara lafiya bayan sakamako ya fito. Binciken da aka yi a kan hanyar abinci cikin shekaru ashirin da biyar da suka wuce ya nuna haka ƙarara, kuma darasin ya shafi duk matashin da ya taɓa shiga kemis ya ce a ba shi maganin olsa.

Daga mai haɗiyar takobi zuwa kafso

Leƙa cikin mutum yana raye tsohon buri ne a wajen likitoci. A shekarar 1868 wani likita Bajamushe, Adolf Kussmaul, ya nemo mai wasan haɗiyar takobi ya zura masa miƙaƙƙen bututun ƙarfe har tumbi, amma ƙarancin haske ya hana shi ganin abin kirki. Sai a 1957 Basil Hirschowitz, a Jami'ar Michigan ta Amurka, ya haɗa bututu mai lanƙwasuwa da zaren gilashi mai ɗaukar haske, ya kuma fara gwada shi a jikinsa. Daga nan aka samu gwaje-gwaje biyu da ake dogara da su har yau: endoskofi, wanda ake zura bututu ta baki a duba maƙoshi da tumbi da farkon hanji, da kolonoskofi, wanda ake bi ta dubura a duba babban hanji.

Tsakanin waɗannan biyun akwai ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita shida, a nannaɗe kamar igiyar guga da aka cusa a jaka. Bututun sama yana tsayawa a farkonsa, na ƙasa kuma iyakarsa bakin ƙofa. Mutum zai iya yin shekaru jini na tsiyaya a wannan wuri, yana fama da ƙarancin jini, likitoci suna ta lalube.

Wanda ya buɗe wannan lungu injiniya ne mai suna Gavriel Iddan, ma'aikacin kamfanin makamai na Rafael a Isra'ila, wanda aikinsa shi ne haɗa idon da ke yi wa makami mai linzami jagora. Tun a shekarun 1980 tunanin ya zo masa, amma idon kyamara na wancan zamani yana zuƙe wuta da yawa, ƙaramin batir ba zai ɗauke shi tsawon tafiyar ba. Abin da ya warware matsalar shi ne sabon idon kyamara mai suna CMOS, wanda Eric Fossum da abokan aikinsa suka inganta a wata cibiyar hukumar NASA a farkon shekarun 1990. Wannan idon shi ne yau ke bayan kowace Tecno da Infinix da Samsung da iPhone. Iddan ya haɗa kai da wani likitan ciki na Landan, Paul Swain, wanda ya haɗiye kafson farko da kansa a 1999. Mujallar Nature ta buga aikin a 2000, hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2001, kamfanin Given Imaging ya shiga sayar da shi. Yau an fi saninsa da sunan PillCam, a hannun kamfanin Medtronic.

Abin da kafson ke iyawa da abin da ya gagare shi

Hoton kafson farko fiksel 256 ne a tsaye, 256 a kwance. Jimilla fiksel 65,536, wato kyamarar waya mai megafiksel 50 ta ninka shi sama da sau 700. Da a kantin waya aka ajiye shi, ko kallo ba zai samu ba. Duk da haka ya sauya aikin likitocin ciki a duniya, domin ya ga wurin da a da ba a iya gani sai da wahala ko tiyata. Da shi ake gano jijiyoyin da ke zubar da jini a ɓoye, da gyambon cutar Crohn, da ƙari a ƙaramin hanji, ba tare da allurar barci ko kwanciya a asibiti ba.

Sai dai bidiyon talla ba ya nuna sauran labarin. Kafson ba shi da sitiyari, motsin hanji ne ke tura shi, don haka zai iya wuce wani wuri da gudu ko ya juya wa ciwo baya. Ba ya iya hura iska ya buɗe lungu, ba ya iya wanke datti daga gabansa. Mafi girma, ba shi da hannu. Likitan da ke riƙe da bututu, idan ya ga tsiro zai yanke shi nan take, idan ya ga jini zai tsayar da shi, idan ya ga wurin da bai yarda da shi ba zai gutsiro nama a kai ɗakin gwaji. Kafso iyakarsa ya gani ya wuce, kuma duk abin da ya gani mai tayar da hankali, sai an koma ga bututun nan da aka guje wa.

Akwai kuma haɗarin maƙalewa. A cikin kowane mutum ɗari, kusan ɗaya zuwa biyu kafson yana tsayawa a inda hanji ya tsuke, wani lokaci sai an ciro shi da bututu ko tiyata. Saboda haka ne aka ƙera wani kafson gwaji mai narkewa da kansa, wanda ake fara ba wanda ake zargin hanjinsa ya tsuke. Kamfanin Ankon na ƙasar Sin ya fito da wanda ake juyawa da maganaɗisu daga waje don a duba tumbi, kuma ci gaba ne na gaske, amma shi ma bai samu hannu ba.

Ƙirƙirarriyar basira ta shigo, da riba da asara

Hotuna 50,000 sai wani ya zauna ya kalle su, kuma ciwon zai iya fitowa a hoto biyu ko uku kacal. Nan ne ƙirƙirarriyar basira ta samu aikin da ya dace da ita. A 2019 wasu masu bincike a ƙasar Sin suka buga sakamakon aikin da suka yi da hotuna sama da miliyan 100 na marasa lafiya kusan 7,000 daga asibitoci 77. Lokacin da likita ke ɗauka yana duba bidiyon mutum ɗaya ya sauko daga kusan minti 97 zuwa kusan minti shida idan manhaja ta fara tace hotunan, kuma abin da aka gano ya ƙaru. A 2021 hukumar FDA ta amince da GI Genius, na'urar da ke zana koren akwati a kan allo duk lokacin da ta hango tsiro yayin kolonoskofi, kamar yadda kyamarar waya ke zagaye fuska.

Amma a 2025 wani bincike daga cibiyoyi huɗu na ƙasar Folan ya sa masana sun yi turus. An duba aikin ƙwararrun likitoci kafin a kawo musu irin wannan manhaja da kuma bayan sun saba da ita. Da aka kwatanta gwaje-gwajen da suka yi ba tare da taimakonta ba, sai aka ga yawan waɗanda suke gano wa tsiro ya ragu daga kashi 28.4 cikin ɗari zuwa kashi 22.4. Binciken lura ne, bai isa ya yanke hukunci shi kaɗai ba, amma abin da yake nuni da shi ba baƙo ba ne ga mai waya. Mutane nawa ne yau suka haddace lambar mahaifiyarsu? A asibitin da wuta ke ɗaukewa, ko kuɗin sabunta lasisin manhaja ya gagara, likitan da idonsa ya dogara da koren akwati zai wayi gari da rauni biyu. Duk asibitin da zai sayi irin wannan na'ura, wajibi ne ya ci gaba da horar da idon ɗan Adam yana kuma auna shi.

Abin da ke tafe daga ɗakunan bincike

Masu bincike ba su tsaya a kyamara ba. A 2018 wata tawaga a cibiyar MIT ta Amurka ta haɗa kafso mai ɗauke da bakteriya masu rai waɗanda aka sauya wa halitta, ta yadda idan suka haɗu da jini sai su fitar da haske, wani ɗan ido ya auna hasken, saƙo ya tafi waya. A jikin aladu aka gwada shi. A wannan shekarar kuma masu bincike na Jami'ar RMIT ta Ostareliya suka gwada wa mutane kafson da ke auna iskar da ke cikin hanji, ya riƙa aika sakamako zuwa waya. A 2020 Jami'ar Stanford ta nuna masai mai kyamarori da ke nazarin fitsari da bayan gida. Duk waɗannan labarai ne na gaskiya, amma tsakanin "ya yi aiki a jikin alade" da "likita zai iya dogara da shi" akwai shekaru na gwaji, kuma da yawa daga irin waɗannan ƙere-ƙere a hanya suke mutuwa.

Abin lura shi ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi nuna amfani ba shi da batir ko kaɗan. Farfesa Rebecca Fitzgerald ta Jami'ar Cambridge da tawagarta sun ƙera Cytosponge, ɗan soso da aka matse cikin kafso aka ɗaura masa zare. Mutum zai haɗiye, kafson ya narke a tumbi cikin 'yan mintuna, ma'aikaciyar jinya ta jawo zaren, soson ya kankaro ƙwayoyin halitta daga bangon bututun abinci, a kai su ɗakin gwaji. A wani babban gwaji na mutum sama da 13,000 a Ingila da aka buga a 2020, an gano masu larurar Barrett, wadda kan zama share fagen ciwon daji, kusan ninki goma fiye da yadda aka saba ganowa. Soso da zare ba za su tara masu kallo a TikTok ba, amma sun tsallake jarrabawar da yawancin na'urori masu walƙiya ba su ko zauna ba.

Yadda ake auna gwaji

Tallar da ta ce gwaji "yana daidai kashi 95 cikin ɗari" tana da daɗin ji har sai an zauna an yi lissafi. A ɗauki misali: cuta tana jikin mutum ɗaya cikin dubu, aka gwada mutum 10,000. Masu cutar goma ne, gwajin zai kama tara ko duka goman. Amma cikin sauran 9,990 masu lafiya, kashi biyar cikin ɗari za su samu sakamakon ƙarya, wato kusan mutum 500. Ke nan a cikin waɗanda aka ce suna da cutar, ɗaya cikin hamsin ne kawai ke da ita. Sauran za su kwana cikin fargaba, su kashe kuɗi, wasu a yi musu aikin da ba sa buƙata.

An ga irin wannan a Najeriya. A 2022 mujallar Lancet Global Health ta buga binciken da Farfesa Olusegun Alatise na Jami'ar Obafemi Awolowo da abokan aikinsa suka yi a kan mutum sama da 2,000, da gwajin FIT mai neman ɓoyayyen jini a bayan gida. Mutane sun ba da haɗin kai sosai, kusan tara cikin goma sun dawo da samfurinsu. Amma kusan ɗaya cikin biyar aka samu da alamar jini, kuma da aka duba su da bututu, ƙalilan ne ke da ciwon daji, da yawa basir ne. Gwajin da ke aiki lafiya a Turai ya zo nan ya tarar da wani yanayi daban. Wannan ba dalilin watsi da shi ba ne, dalili ne na a daidaita shi da mutanen wurin, a kuma tanadi inda za a tura waɗanda ya nuna.

Ko kolonoskofi, wanda ake ɗauka a matsayin zakaran gwajin dafi, bai tsira daga wannan awo ba. A wani bincike da aka buga a 2022, an bi mutum sama da 84,000 a Folan da Norwe da Suwidin tsawon shekara goma. Cikin waɗanda aka gayyata gwajin, kashi 0.98 cikin ɗari suka kamu da ciwon dajin hanji, cikin waɗanda ba a gayyata ba kuma kashi 1.20. Ragin bai kai yadda aka zata ba, kuma babban dalili shi ne kashi 42 cikin ɗari ne kawai suka amsa gayyatar. Gwajin da mutane ke gudu, komai ingancinsa, ba ya taimakon wanda bai zo ba. A nan ne kafso da soso da gwajin bayan gida suke da hujjarsu ta gaskiya: sun fi sauƙin karɓa.

Inda abin ya shafi mai cewa "olsa ce"

A ƙasar Hausa da wuya a samu majalisar da babu mai cewa yana da olsa, kuma mafi yawansu ba wanda ya taɓa gwada su. Zafin ƙirji olsa, kumburin ciki olsa, ciwon da ya hana barci olsa, magani kuma omeprazole daga kemis wata da watanni. An kuma yarda cewa yunwa ce ke kawo ta. Binciken kimiyya ya daɗe da nuna cewa manyan dalilan gyambon ciki biyu ne: wata ƙwayar bakteriya mai suna Helicobacter pylori, da yawan shan magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen da aspirin, waɗanda leburori da 'yan acaɓa da masu motsa jiki ke sha kamar gyaɗa.

Likitoci biyu na birnin Perth a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano rawar wannan ƙwaya a farkon shekarun 1980. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kurɓe ruwan da aka raini ƙwayar a ciki a 1984, ya kamu da kumburin tumbi, ya nuna wa duniya. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙwayar a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya ƙiyasta cewa sama da kashi 80 cikin ɗari na 'yan Najeriya suna ɗauke da ita, ko da yake mafi yawansu ba za su taɓa yin gyambo ba.

Gano ta ba ya buƙatar kyamara. Akwai gwajin numfashi, inda mutum zai sha sinadarin yuriya da aka yi wa alama. Idan ƙwayar tana nan za ta farfasa shi, alamar ta fito a iskar da ya hura cikin jaka. Akwai gwajin bayan gida mai neman ɓurɓushin ƙwayar kanta. Akwai kuma gwajin jini, wanda ya fi yawa a ƙananan ɗakunan gwaji saboda arha da sauri, shi ne kuma mafi rauni. Abin da yake nunawa kawai shi ne garkuwar jiki ta taɓa haɗuwa da ƙwayar, ko da an riga an kashe ta tuntuni. A wurin da yawancin jama'a suka taɓa haɗuwa da ita, irin wannan sakamako bai faɗi wani abu mai yawa ba, amma da shi ake ɗora wa mutane maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye bayan zagaye.

Akwai wani tarkon kuma. Wanda ke shan omeprazole da danginsa, idan bai dakata na mako biyu kafin gwajin numfashi ko na bayan gida ba, sakamako zai iya cewa babu ƙwayar alhali tana nan. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa mako huɗu ake so a bari. Sanin wannan kaɗai ya fi amfani ga matashin Kano ko Maraɗi a yau fiye da duk labarin kafso mai kyamara.

Masu cin kasuwa da sunan fasaha

Inda sha'awar na'ura ta haɗu da ƙarancin likitoci, 'yan damfara ba sa nisa. An san na'urar nan da ake yawo da ita a kasuwanni da ofisoshi, wadda mutum zai riƙe wani ƙarfe a tafin hannu na minti ɗaya, kwamfuta ta fitar da shafuka masu launi tana cewa tumbinsa ya lalace, hanjinsa ya cika da datti, hantarsa ta gaji. Babu wani ingantaccen bincike da ya nuna ƙarfe a tafin hannu zai iya ganin gyambo a tumbi. Kuma kusan kullum mai na'urar yana da maganin da zai sayar a cikin jakarsa, wanda hakan kaɗai ya isa ya sa a yi shakka.

Abin ba a nan kaɗai yake ba. Kamfanin uBiome na San Francisco ya tara miliyoyin daloli yana sayar da gwajin ƙwayoyin hanji ta hanyar aika bayan gida a ambulan. A 2019 jami'an FBI suka kai samame ofishinsa kan zargin maguɗi a kuɗin inshora, kafin shekarar ta ƙare ya durƙushe. Binciken ƙwayoyin da ke zaune a hanji fage ne na gaske mai muhimmanci, amma har yanzu masana ba su daidaita a kan yadda lafiyayyen hanji ya kamata ya kasance ba. Manhajar da ta ba hanjin mutum maki 62 cikin ɗari, sannan ta nuna masa abin da zai saya ya kai 90, cinikin biri a sama take yi da shi.

Ga mai cewa farashi zai sauko

Wani zai ce ai ita ma waya haka ta fara. A 2001, shekarar da aka amince da kafson, a ita ce GSM ta shigo Najeriya, layi kaɗai ya kai wajen naira 20,000, yau ga shi a hannun mai sayar da rake. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma akwai hanyar da kafson zai iya amfanar karkara: a haɗiye shi a ƙaramin asibiti, a tura bidiyon ta intanet ga ƙwararre a birni. Yankin Sikotilan na Birtaniya ya gwada haka domin mazauna wurare masu nisa, hukumar lafiya ta Ingila ma ta fara gwajin kafson babban hanji a kan mutum 11,000 a 2021.

Bambancin shi ne waya biliyoyin mutane ke saye, ana amfani da ita shekaru, kuma aikinta yana cika a hannun mai ita. Kafso sau ɗaya ne, har yau kuɗinsa ɗaruruwan daloli, kuma sakamakonsa farkon tafiya ne. Idan ya nuna tsiro, sai an samu likitan da zai yanke, da ɗakin gwajin da zai duba naman, da kuɗin mota zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya ko makamantansu. Gwamnatin da ke da kuɗin abu ɗaya, ta fi cin riba idan ta horar da masu riƙe bututu, ta wadata ƙananan asibitoci da gwajin bayan gida mai inganci, kafin ta yi odar kafso.

Rabon matasa a wannan aiki

Manhajojin da ke karanta hotunan hanji an horar da su ne galibi da hotunan mutanen Sin da Japan da Turai da Amurka. Tsutsar ciki da atuni da tarin fuka na hanji, waɗanda likitan Sakkwato ko Damagaram ke gani, ba su da yawa a cikin waɗancan hotuna. Sai an tara hotunan marasa lafiyar wannan yanki, da izininsu, an tsara su an yi musu alama, kafin a san ko manhajar tana gani daidai a nan. Wannan aiki ne na ɗaliban likitanci da masu rubuta manhaja tare, kuma ƙofarsa a buɗe take. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, don haka duk manhajar da ta nemi hoton bayan gida ko sakamakon gwaji, mai waya yana da haƙƙin sanin inda za a ajiye su da wanda zai gani.

Ga wanda aka tallata wa kowane irin gwajin ciki, tambayoyin da za su kare shi ba su da wuya. An kwatanta wannan gwaji da endoskofi a jikin mutane, kuma a ina aka buga sakamakon? Cikin masu lafiya, mutum nawa yake tsoratarwa a banza? Idan ya nuna wani abu, ina za a je daga nan? Mai gwajin shi ne kuma mai sayar da maganin?

Akwai kuma alamomin da ba a jiran manhaja ko kemis a kansu: jini a bayan gida, baƙin bayan gida mai kama da kwalta, aman jini, abinci na tsayawa a maƙoshi, rama ba dalili, ƙarancin jinin da ba a san sababinsa ba, ko sauyin yanayin bayan gida da ya ɗauki makonni. Ƙuruciya ba garkuwa ba ce. Chadwick Boseman, jarumin fim ɗin Black Panther, yana da shekara 43 ciwon dajin hanji ya yi ajalinsa a 2020, kuma a 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara gwajin wannan cuta daga 50 zuwa 45 saboda yadda take ƙaruwa a tsakanin masu ƙananan shekaru. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, ko aka taɓa samun ciwon a danginsa na kusa, wurin likita ya kamata ya nufa, ko da kuwa kunya ko tsoron bututu na ja masa baya. Amfanin wayarsa a ranar shi ne ta riƙe masa jerin magungunan da yake sha, da ranar da ciwon ya fara, da lambar asibitin da zai je.